Rubutun Ƙwayar Shan Inna da Dalilin Sabon Ɗigo

Jawabi ga hakimai da magatakardansu na Anka da Gummi da Bukkuyum



Akwai tambaya biyu da talakawa su kan kawo zauren hakimi duk sa'ad da masu ɗigon riga-kafi suka sauka a gari. Ta fari a fili a ke yinta. Magidanci ya kan ce, an yi shela tun 2020 cewa shan inna ya ƙare a Nijeriya, to, ɗigon nan kuma na mene ne? Ta biyu sai bayan baƙi sun tashi a ke yinta, da murya ƙasa-ƙasa. A kan ce, wai an ji cutar da ke yawo yanzu daga cikin maganin ta fito. Hakimin da ya ce wa jama'arsa wannan magana ƙarya ce tsagwaronta, ran da wani ɗan garin ya ji akasin haka a rediyo, ya yi hasarar yardar mutanensa, yarda kuwa ta fi wuyar samu bisa ga magani. Gama maganar tana da gefen gaskiya. Wajibi ne hakimi ya san gefen nan da iyakarsa, ya kuma san gyaran da aka yi, domin in ya buɗe baki ya faɗi abin da ba za a ƙaryata shi ba gobe. Amsar tana cikin rubutun da ƙwayar cutar ta ke ɗauke da shi, sabo da haka malamai magatakarda za su riga kowa ganewa, don sha'anin kwafi ne, sana'arsu ce.

Abin da aka kawar da abin da ya saura

Shelar 2020 gaskiya ce. Ƙwayar shan inna ta asali, wadda likitoci su ke kira ta daji, iri uku ce. Iri na biyu rabon da a gan shi tun 1999, a ƙasar Indiya. Iri na uku, yaro na ƙarshe da ya shanye a duniya duka ɗan Jihar Yobe ne, cikin Nuwamba 2012. Iri na ɗaya ya yi ɓarnarsa ta ƙarshe a Nijeriya a Borno cikin 2016, ran 25 ga Agusta 2020 kuwa aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar daji. A Pakistan da Afganistan kaɗai ne ba ta taɓa yankewa ba.

Amma shekara guda bayan shelar, watau 2021, yara fiye da 400 suka shanye a Nijeriya. Da aka bincika, sai aka tarar ƙwayar da ta kama su jikanyar ƙwayar ɗigo ce ta iri na biyu, wadda ta daɗe tana yawo cikin yaran da ba su da riga-kafi har ta komo da ƙarfin kakanninta. Likitoci su kan raɗa wa kowane dangi na irin wannan ƙwaya suna bisa wurin da aka fara ganinsa. Dangin da ya fi kowane bazuwa a Afirka ta Yamma sunansa NIE-ZAS-1. NIE Nijeriya ke nan, ZAS kuwa Jihar Zamfara, gama a nan aka fara gano shi cikin 2020. Daga baya aka same shi a Nijar da Cadi da Kamaru da Binin, har Aljeriya. A ƙarshen 2024 aka tsinci jikokinsa cikin ruwan masai na waɗansu birane a Sifen da Foland da Jamus da Finland da Ingila, ko da ya ke ba a sami yaron da ya shanye a can ba, domin yawancin yaransu suna da riga-kafi. Sunan ba zargi ba ne a kan Zamfarawa, shaida ce kurum ta inda aka fara cin karo da shi. Duk da haka ba sunan da mai kishin ƙasarsa zai so ya ji ana ambata a taron likitocin duniya ba ne.

Yaya aka yi likita a Jamus ya ɗebi ruwan masai ya ce wannan ƙwaya dangin ta Zamfara ce? Karanta ta ya yi.

Ƙwaya da rubutunta

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ɗakuna kamar na saƙar zuma, waɗanda ido ba ya gani. Cikin kusan kowane ɗaki akwai kundin umarni na yadda za a gina jiki a kuma tafiyad da shi. Sunan kundin DNA, an kuwa rubuta shi da haruffa huɗu tak, waɗanda masana suka laƙaba wa A da C da G da T. Kundin mutum ya kai haruffa miliyan 3,000. Akwai kuma wani rubutu ɗan'uwansa mai suna RNA, wanda ɗakin ke aika saƙo da shi daga kundi zuwa wurin ma'aikata. Haruffansu ɗaya ne, sai dai inda DNA ke da T, shi U ya ke da shi.

Ƙwayar shan inna tana cikin jinsin da a ke kira bairos. Ƙanƙantarta ta kai a jera 30,000 ba su cika tsawon milimita ɗaya ba. Ba ta ci, ba ta numfashi, ba ta kuwa iya haifuwa da kanta. Wasiƙa ce cikin ambulan. Ambulan ɗin ɓawo ne mai jure zafin ciki, wasiƙar kuwa zare guda ne na RNA mai haruffa kimanin 7,500. In yaro ya haɗiye ta cikin ruwa ko abinci da kashi ya taɓa, sai ta shiga ɗakunan hanjinsa, ma'aikatan ɗakin su karanta ta kamar saƙon uban gidansu ne, su bar aikinsu su koma ƙera mata kaya. Cikin abin da su ke ƙerawa har da mai kwafi nata na kanta, wanda za a kira magatakardan ƙwaya cikin wannan jawabi. Kafin sa'a takwas ɗaki guda ya fid da dubban sababbin wasiƙu, ya mutu. Yawancin yaran da ta shiga ba a ganin kome gare su, suna ta zubad da ita cikin kashi makonni. Amma ta kan ƙetare hanji ta kai lakar gadon baya, ta cinye jijiyoyin da ke motsa ƙafa ko hannu. Bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, kimanin ɗaya cikin 200 ne ke samun shanyewar da ba ta warkewa. Watau yaro guda da aka gani yana jan ƙafa, bayansa akwai ɗaruruwa masu ɗauke da ita suna wasa lafiya lau.

To, ga abin lura. Cikin ɗakin akwai dubban saƙonni na jikin yaron kansa, duk da haruffa iri ɗaya. Me ya sa magatakardan ƙwaya ba ya kwafe su, sai wasiƙar uwar gijiyarsa kaɗai? Kowane malamin ofis ya san amsa. Takardu su kan taru a tebur, amma wadda ke da kan wasiƙa da hatimi ita a ke shigarwa kundi. Haka wasiƙar ƙwaya ta ke da waɗansu gajerun wurare waɗanda ba labari su ke bayarwa ba, alamu ne masu cewa nan za a kama, nan za a fara. Kowace irin bairos tana da nata. Wadda ke sa ganyen rogo ya yi dabbare-dabbare ya ƙanƙance, wadda farin ƙuda ke yaɗawa, rubutunta DNA ne mai siffar zobe, alamar fara kwafinta kuwa haruffa tara ne, TAATATTAC. A nan a ke yanka zoben a soma. In aka ɓata wurin nan, sauran haruffa kimanin 2,800 na zoben sun zama takardar banza.

Alamun ƙwayar shan inna ƙulle-ƙulle ne. Haruffa suna da abokan riƙo: A ta kan riƙe U, G ta kan riƙe C da ƙarfi, G kuma ta kan riƙe U da rauni. Sabo da haka zaren ya kan naɗe ya kama kansa a waɗansu wurare, kamar igiyar da aka yi wa zarge. A bakin wasiƙar akwai ƙulli mai rassa, na haruffa kimanin 90, inda magatakarda da mataimakansa su ke taruwa. Bayansa akwai jerin ƙulle-ƙulle waɗanda, in an haɗa da shi, masana suka lasafta har shida, su ne mariƙin da ma'aikatan ɗaki ke kamawa su soma karatu. Na biyar cikinsu a riƙe shi a zuci, za a komo kansa. A ƙarshen wasiƙar akwai wutsiya ta harafin A jere.

Saura guda, ita ce uwar wannan jawabi. Can tsakiyar wasiƙar, bayan harafi na 4,400, akwai wani ɗan ƙulli na haruffa kimanin 60 mai zobe a kansa. Masana suna kiransa da haruffa uku, cre. Magatakardan ƙwaya yana da wani hali: ba ya iya ɗora harafin farko a kan farar takarda. Sai an ba shi wani ɗan ƙaramin tsinke wanda aka riga aka manna wa harafin U biyu, sa'an nan ya ɗora na uku a kai ya ci gaba. Ba kuwa inda a ke manna haruffan nan biyu yadda ya kamata sai a kan zoben ƙullin nan, inda haruffan A ke jere. In tsinken alƙalami ne, ƙullin nan shi ne kurtun tawada. Malami ko ya kai wane iya rubutu, in an ɗauke kurtu sai ya naɗe hannu. An fara gane irin wannan alama cikin wata ƙwayar mura a 1998, aka gano ta shan inna a 2000. Aka kuma gane wani abin mamaki: kurtun ba ya kula da mazauninsa. In an kashe shi a tsakiya aka dasa wani a wani gefen wasiƙar, aiki ya kan ci gaba.

Kuskuren magatakarda

Malaman da suka yi karatun littattafan hannu sun san yadda kuskure ke gado. Wani ya kwafi littafi ya tsallake kalma, almajiransa suka kwafa daga nasa, almajiran almajiransa suka kwafa daga nasu. Bayan shekara hamsin mai lura zai duba ya ce wannan kwafi daga gidan malam wane ya fito, don kuskuren nan nasu ne. Ɗakunan jikin mutum suna da masu bita, waɗanda ke bin sawun mai kwafin DNA suna gyara. Magatakardan ƙwayar shan inna ba shi da mai bita. Kusan kowane kwafi ya kan fito da kuskure guda ko makamancin haka. Yawancin kurakuran ba su ƙara kome, waɗansu su kan kashe ƙwayar, amma jifa-jifa ɗaya ya kan ƙara mata ƙarfi, mai ƙarfin kuwa ita ke rinjayar 'yan'uwanta. Ta wannan gadon kuskure ne likitan Jamus ya gane dangin Zamfara.

Yana da hali na biyu. Cikin hanjin yara akwai waɗansu ƙwayoyi dangin shan inna, waɗanda yawanci ba su shanye kowa, sun kuwa fi yawa inda tsabtar ruwa da masai ta yi ƙaranci. In biyu suka haɗu a ɗaki guda, magatakarda ya kan fara kwafi da wannan wasiƙa ya ƙarasa da waccan, kamar malamin da ya buɗe littafi biyu a gabansa barci na fizgarsa. Abin da zai fito rabi na wannan ne, rabi na waccan. Wannan shi ne musanya.

Yanzu sai batun ɗigo. Likita Albert Sabin na Amurka ya yi shekaru yana renon ƙwayoyin shan inna yana zaɓen raunana, waɗanda za su iya zama cikin hanji amma su kāsa cin jijiya. Tun kafin 1961 aka soma ba da su ta baki. Ɗigon nan ƙwaya ce mai rai, wannan kuwa shi ne amfaninsa. Tana hayayyafa cikin hanjin yaro, jiki ya koyi yaƙi da ita a daidai ƙofar da ta daji za ta bi, har ta kan tsallaka ga ƙannensa da maƙwabta ta yi musu riga-kafi a ɓagas. A 1988 ana ƙiyasta yara 350,000 ke shanyewa kowace shekara cikin ƙasashe 125. Da wannan ɗigo aka rage su da fiye da kashi 99 cikin 100, da shi kuma aka kori ta daji daga Nijeriya. Duk wanda ya girma a Gummi ko Anka ya kwatanta yawan guragun tsaransa da na tsaran jikokinsa.

Shi Sabin bai taɓa ganin haruffan ba sa'ad da ya ke zaɓensa, gama sai a 1981 aka iya karanta wasiƙar shan inna daga farko har ƙarshe. Da aka karanta ta ɗigo sai aka ga rauninta a kan ƙaramin abu ya rataya. A iri na biyu, wurare biyu ne ginshiƙi, babbansu kuwa harafi na 481, cikin ƙulli na biyar. A ƙwayar ɗigo harafin A ne a nan, ya sa ƙullin ya yi sako-sako, ma'aikatan ɗakunan jijiya ba su iya riƙe shi sosai. In magatakarda ya yi kuskure ya rubuta G a wurin, ƙulli ya tsuke, rabin ƙarfi ya komo. Harafi ɗaya cikin 7,500, ga mai kwafin da ba shi da mai bita, ba abu ne mai nisa ba. Ya kan auku cikin hanjin yaran da aka yi wa ɗigo, amma kafin ya zama wani abu jikinsu ya riga ya koyi yaƙi. Yaron da ɗigon kansa ya shanye, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kimanin ɗaya ne cikin ɗigo miliyan 2.7.

Hatsarin yana wajen maƙwabta. Yaron da aka yi wa ɗigo ya kan zubad da ƙwayar mako shida zuwa takwas. A garin da kusan kowane yaro ke da riga-kafi, ba ta samun masauki, sai ta mutu. A garin da aka yi wa goma aka bar talatin, sai ta bi talatin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ta tsallaka ƙauye na gaba, tana tara kurakurai tana musanya. In ta sami shekara ko fiye tana wannan yawo, ta zama ba ta da bambanci da ta daji wajen ɓarna. Wanda ta ke shanyewa kuwa shi ne yaron da aka ɓoye a ɗaki ran da masu ɗigo suka zo, ko wanda masu ɗigo ba su taɓa isa tungarsu ba. Wannan ita ce amsar tambaya ta biyu, iyakar gefen gaskiyarta ke nan.

Arewa ta ɗanɗana wannan tun da daɗewa. A 2003 waɗansu jihohi, har da Kano da Zamfara, suka dakatad da ɗigo sabo da zargi. Kano ta koma cikin Yuli 2004, amma kafin a farga ƙwayar daji ta Nijeriya ta kai ƙasashe kimanin 20, har Yaman da Indonesiya, daga 2005 kuma jikanyar ɗigo ta iri na biyu ta soma yawo cikin yaran da aka bari. Sa'an nan cikin Afrilu 2016 ƙasashe 155 suka cire iri na biyu daga ɗigon yau da kullum, tun da na dajinsa ya ƙare, aka dogara ga allurar da a ke yi wa jarirai a asibiti, wadda ƙwayar cikinta matacciya ce ba ta iya rikiɗa. Shirin ya yi kyau inda a ke kai jarirai asibiti. A wuraren da ba a kai su, ko hanya ta gagara sabo da 'yan bindiga, yaran da aka haifa bayan 2016 suka tashi ba su da garkuwar iri na biyu ko kaɗan. In annoba ta tashi sai a fito da tsohon ɗigon iri na biyu a kashe ta, shi kuwa ya kan kashe gobara a nan ya bar tartsatsi a can.

Sabon ɗigo

A 1981 ɗin nan, Vincent Racaniello da David Baltimore suka juya wasiƙar shan inna zuwa rubutun DNA, suka nuna in an sa wannan kwafi cikin ɗakin halitta zai haifi ƙwaya mai rai. DNA kuwa ana iya yanka shi a sake haruffansa yadda a ke so. Da wannan dabara masana na Amurka da Ingila, cikinsu Raul Andino na Jami'ar Kalifoniya da Andrew Macadam, suka ɗauki ƙwayar Sabin ta iri na biyu suka yi mata gyara.

Suka fara da ƙulli na biyar. Suka sake saƙa shi da haruffan A da U masu riƙo daidai wa daida, yadda in harafi guda ya sake, ƙullin ba zai tsuke ba, sai dai ya ƙara warwarewa. Ƙofar 481 ta rufu ke nan. Suka kuma taɓa magatakardan kansa a wuri biyu, ya rage kuskure ya rage tsallake daga wasiƙa zuwa wasiƙa.

Amma saura musanya. Me zai hana ƙwayar ta yar da bakin wasiƙarta gaba ɗaya, da ƙullin da aka gyara, ta ari na wata 'yar'uwarta mai ƙulli tsukakke? A nan dabarar kurtu ta yi rana. Suka kashe kurtun da ke tsakiyar wasiƙar, ta hanyar sake haruffansa yadda ba zai ƙullu ba, ba tare da an ɓata ma'anar umarnin da ke wurin ba. Sa'an nan suka dasa sabon kurtu a bakin wasiƙar, kusa da ƙulli na biyar. Yanzu ƙwayar da ta yar da bakin wasiƙarta ta yar da tawadarta. Bakin da ta aro ba shi da kurtu, gama na 'yan'uwanta a tsakiya ya ke, nata na tsakiya kuwa matacce ne. Ba ta iya rubuta ko kwafi guda, nan ta ƙare. Makiyayi zai gane wannan da sauri: an ɗaure tulun ruwa a jikin dabaibayi, duk dabbar da ta tsinke dabaibayi ta bar ruwanta a baya.

An fara gwada sabon ɗigon a birnin Antwerp na Beljiyam cikin 2017, a kan manya 30 da suka yarda aka killace su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da izinin gaggawa cikin Nuwamba 2020, Nijeriya ta soma amfani da shi cikin Maris 2021, aka ba shi cikakkiyar amincewa cikin Disamba 2023. Sunansa a takardun ofis nOPV2. Kamfanin Bio Farma na Bandung a Indonesiya ne ya fara yinsa, ƙasar da Kano ta karɓi ɗigonta sa'ad da ta koma a 2004. Zuwa 2024 an ba da fiye da ɗigo miliyan 1,000 a duniya.

Kada hakimi ya ce wa jama'a sabon ɗigo ba ya rikiɗa ko kusa. Cikin Maris 2023 aka ba da labarin yara bakwai a Burundi da Kwango waɗanda jikanyarsa ta shanye. Da aka karanta wasiƙarta sai aka ga musanya biyu ta yi. Ta fara aro tsakiya mai kurtu mai rai daga wata ƙwaya, sa'an nan ta aro baki. Wannan ya fi kuskuren harafi guda wuya nesa ba kusa ba, shi ya sa rikiɗar sabon ɗigo ta yi ƙasa da ta tsohon ƙwarai. Amma abin da ya ba ta zarafi shi ne dai abin da ya ba tsohon: lokaci mai tsawo cikin yara marasa riga-kafi. Sabon ɗigo kuma ba ya kashe NIE-ZAS-1 daga nesa. Dangin nan daga tsohon ɗigo ya fito, ya riga ya yi ƙarfi, ba abin da zai tsai da shi sai ya rasa yaron da zai shiga.

Rabon hakimi da magatakarda

Masana sun yi iyakar abin da a ke yi da haruffa. Yawan yaran da aka bari kuwa ba a ɗakin bincike a ke gyara shi ba. Tun 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya ja ragamar kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya matakin farko, domin an gane ma'aikacin lafiya baƙo ne a gari, mai unguwa kuwa ya san gidan da aka yi haifuwa jiya.

Ƙasar nan tana da wuyarta ta musamman. Ta yi iyaka da Sakkwato da Kabi, jihohin da su ma ƙwayar ta yi zama cikinsu. Hanyar Anka zuwa Daki Takwas zuwa Gummi ba ta rabuwa da fatake, masu haƙar zinariya suna kai da komo wajen Bagega, rashin zaman lafiya kuma ya tashi ƙauyuka da dama ya tara mutanensu cikin manyan garuruwa. Masu ɗigo suna aiki ne da jerin sunayen garuruwa. Tungar da ba ta cikin jerin, ko rugar da ta sauka bara, ko zangon 'yan gudun hijira a bayan makaranta, ba za a je ba, ba kuwa wanda zai san an tsallake ta sai magatakardan hakimi. Ya kamata ya riƙa sabunta jerin kafin kowane zagaye, ya nuna wuraren da ba su shiguwa da ranar kasuwar da mutanensu ke ci, domin a tare yaransu a can. Bayan zagaye, shaida tana ga ƙaramin yatsan hannun hagu na kowane yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, inda a ke shafa tawada. Dagaci ya duba yatsu, kada ya tsaya ga alkalumman takarda. Ɗigon gida-gida kuma bai ɗauke wa uwa zuwa asibiti ba: akwai ɗigon ran haifuwa, da na mako 6 da 10 da 14, da allurar da ke tsare yaro daga shanyewar iri ukun duka.

Abu na ƙarshe shi ne kai rahoto. Mutanen Anka da Bukkuyum sun ga abin da gubar dalma ta yi a 2010 a su Dareta da Abare da Yargalma, inda yara aƙalla 400 suka rasu, da yawansu kafin a san sunan abin da ke kashe su. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a sanad da jami'in lura da cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, ko da iyaye sun ce iska ce sun tafi wajen mai magani. Ana bukatar kashinsa sau biyu, kwana guda tsakani, cikin kwana 14 da somawar ciwon. A kan sa shi cikin sanyi a kai ɗakin bincike na Ibadan ko na Maiduguri.

In an sami ƙwaya, a kan karanta wani yanki na wasiƙarta mai haruffa kimanin 900. Yankin nan ya kan sake haruffa tara ko goma kowace shekara, kamar agogo. In ya bambanta da na ɗigon iri na biyu da haruffa shida ko fiye, an san ta rikiɗa. In kuwa ya bambanta da 'yar'uwarta mafi kusa da aka taɓa kamawa da haruffa kimanin 14, likitoci su kan kira ta marainiya, watau ta yi fiye da shekara tana yawo wani wuri ba wanda ya kawo rahoto. Da wannan lissafi a ke yanke shawarar gundumomin da za a koma, da yawan zagayen da za a yi musu.